Yawon Ƙafa A Birnin Oksfod: Makarantunsa Da Mashayunsa

Masu iya magana sun ce gani ya kori ji. Malamai da akawuna da yawa sun san sunan Oksfod a bangon littattafai da ƙamus, amma kaɗan ne suka taka ƙasarta. Tun da yake kuwa samarinmu suna ta zuwa Ingila neman ilmi, mun ga ya kyautu mu bayyana yadda garin yake ga mai tafiya a ƙasa, da abin da baƙo zai tarar, mai daɗi da mai hatsari.

Oksfod tana kimanin mil 56 yamma maso arewa da Landan, tafiyar kamar sa'a guda a jirgin ƙasa. Ma'anar sunan ita ce mashigin shanu, domin nan ake ƙetarar da su Kogin Tems a zamanin da. An san ana koyarwa a garin tun wajen 1096, amma bai cika da almajirai ba sai daga 1167, sa'ad da Sarki Henry na II ya hana 'yan Ingila zuwa karatu Faris. Lungunansa matsattsu ne, mota ba ta amfani a cikinsu. Duk yawon da za mu faɗa bai kai mil uku ba, amma mai son ya fahinta sai ya ba shi yini guda.

Mun fara daga Carfax, mararrabar da manyan hanyoyi huɗu suka haɗu a tsakiyar gari. Akwai hasumiya a wurin, saura ce ta wata tsohuwar majami'a da aka rushe a 1896 don a faɗaɗa hanya. Wanda ya daure ya hau matakanta 99 zai ga garin duka a ƙarƙashinsa. A wata kusurwar mararrabar nan akwai rubutu a jikin gini mai nuna inda wata mashaya take a da, sunanta Swindlestock. Ran 10 ga Fabrairu, 1355, waɗansu almajirai suka ce giyar da aka sayar musu ba ta da kyau, suka jefi mai gidan da tulu a ka. Daga nan faɗa ya kaure tsakanin mutanen gari da 'yan makaranta har kwana uku, aka kashe almajirai wajen 63 da 'yan gari wajen 30. Sarki Edward na III ya ba jami'a gaskiya. Aka ɗora wa magajin gari da manyansa su riƙa zuwa majami'a kowace shekara ran nan, su biya kwabo ɗaya a kan kowane almajiri da aka kashe. Ba a daina ba sai 1825, watau bayan shekara 470, kuma sai a 1955 aka yi bikin sulhu sosai. Malamin da ke riƙe da makarantar kwana a cikin gari ya duba wannan labari da kyau, gama ƙaramar magana tsakanin yaransa da 'yan kasuwa ita ce kan zama babba.

Daga nan muka gangara kudu zuwa kwalejin Christ Church, wadda Wolsey, babban wazirin Sarki Henry na VIII, ya kafa a 1525, Sarkin kuma ya sake kafa ta da sunan nan a 1546. Bisa ƙofarta akwai ƙararrawa mai nauyin fiye da tan shida, ana ce mata Tom. Kowane dare da ƙarfe 9 da minti 5 akan buga ta sau 101, adadin almajiran gidan na can farko, ɗari da kuma guda da aka ƙara daga baya. A da, in ta yi shiru sai a rufe ƙofofi. Dalilin minti biyar ɗin kuwa shi ne, bisa lissafin rana Oksfod tana bayan Landan da minti biyar, su kuwa ba su yarda sun bar agogon kakanninsu ba.

A wani lungu bayan kwalejin muka iske mashayar Bear, wadda masu ita ke cewa asalinta ya kai 1242. Rufinta ƙasa-ƙasa ne, dogon mutum sai ya sunkuya. Bangonta da rufinta cike suke da guntayen laktaye fiye da 4,000 a cikin gilashi, kowanne da sunan makaranta ko ƙungiya ko rundunar soja ta mai shi. Wani mai gidan ne ya fara tara su a 1952.

A nan ya kamata mu tsaya mu yi bayani, don kada a ɗauka mashayar Ingila daidai take da gidan giyar da muka sani a bayan gari. Ga mutanen ƙasar, mashaya ita ce zaurensu da dandalinsu: ƙasa ce mai sanyi, ba a zaman hira a ƙofar gida, saboda haka can ake haɗuwa a ci abinci, a ji labari, a yi gardama. Mutum yakan je teburin mai gida da kansa ya faɗi abin da yake so, ya biya nan take. Abokai sukan yi karɓa-karɓa, wannan ya saya wa kowa, sa'an nan wancan. Doka ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba giya, an kuma hana shan taba a ciki tun 2007. Kowace mashaya tana da allo mai hoto a ƙofa. Tun 1393 Sarki Richard na II ya wajabta rataya alama, aka kuwa yi ta da zane domin yawancin jama'a a lokacin ba su iya karatu ba. Ashe su ma sun sha nasu yaƙin da jahilci.

Muka bi babban titi gabas zuwa gidan gahawa na Queen's Lane, wanda ake lissafin asalinsa daga 1654. A garin nan ne aka buɗe gidan gahawa na farko a Ingila, wajen 1650, abin shan kuwa daga ƙasashen Musulmi ya zo musu.

Sa'an nan muka juyo zuwa zuciyar jami'a. Ga wani gini zagayayye mai ƙubba, Radcliffe Camera, da aka gina tsakanin 1737 da 1749 da dukiyar da wani likita ya bari, fam 40,000. Kusa da shi ga ɗakin littattafai na Bodleian, wanda Thomas Bodley ya buɗe a 1602. Tun 1610 ya ƙulla yarjejeniya da masu ɗab'i a riƙa ba shi kofi ɗaya na littattafan da aka buga, yanzu abin da ke ciki ya wuce miliyan 13. Mai son karatu sai ya yi alkawari ba zai ɓata littafi ba, ba zai kunna wuta ba. A 1645 Sarki Charles na I, yana zaune a garin saboda yaƙin basasa, ya aika a ara masa littafi. Mai tsaron ɗakin ya hana, don doka ta ce ba a fita da littafi, Sarki kuwa ya haƙura. Akawun da ke riƙe da fayil, wani babba ya ce ya ba shi ya tafi da shi gida, ya tuna da mai tsaron nan. Cikin abin da aka adana a nan har da takardun Gwamna Lugga. Wadda ta rubuta tarihinsa ma, Margery Perham, malama ce a jami'ar, ita ce kuma ta wallafa littafi a kan mulkin En'e a Nijeriya a 1937.

A bakin Broad Street akwai mashayar King's Arms ta 1607, mallakar kwalejin Wadham, wadda wani ɗakinta bai karɓi mata ba sai 1973. Tsakiyar titin kuma akwai alamar gicciye ta duwatsu, inda aka ƙone manyan limaman Kirista uku da ransu, biyu a 1555, ɗaya a 1556, saboda saɓanin aƙida tsakaninsu da Sarauniya Mary. Mutane na ta wucewa a kan kekuna, amma ba a tone alamar ba, don na baya su san inda rikicin addini ya taɓa kai ƙasarsu.

Mun ƙare a titin St Giles, gaban mashayar Eagle and Child, watau Gaggafa da Yaro. A wani ɗakinta na baya marubuta biyu, Tolkien da C. S. Lewis, da abokansu suka yi shekaru suna haɗuwa ran Talata suna tattauna aikinsu. An rufe ta a 2020 lokacin annobar korona. Wadda ke fuskantarta, Lamb and Flag, ta kwalejin St John's ce, an kuwa yi shekaru ana tallafa wa almajirai da ribarta.

To, ina matsayin ɗanmu Musulmi da ya je karatu? Hukuncin giya a addininmu sananne ne, ba ya canjawa don an ƙetare teku. Hatsari biyu ne ke gabansa. Wani yakan ji kunyar cewa ba ya sha, karɓa-karɓa ta ja shi, kuɗin sukolashif ya ƙare, karatu ya lalace. Wani kuma don tsoro sai ya kulle kansa a ɗaki, ya komo da takardar shaida bai san kome na mutanen ba. Shawararmu ita ce ya faɗi addininsa a fili tun ranar farko, gama galibinsu sukan girmama mai tsayawa a kan magana ɗaya. Ya gayyaci abokansa gidan gahawa ko shayi. Ya nemi 'yan'uwansa a masallatan garin da Cibiyar Nazarin Musulunci da aka kafa a 1985. Malaman da ke shirya yara kuwa su gaya musu wannan tun suna gida, kafin su hau jirgi.

Allah ya kai matafiyanmu lafiya, ya komo da su da ilmi mai amfani, amin.