Jiya 240, Yau 190: Me Ke Juya Makin Gwajin JAMB?

Daga watan Fabrairu zuwa Afrilu, shagunan kwamfuta da cibiyoyin darasi a Funtua da Malumfashi kan cika da samari da 'yan mata masu shirin JAMB. Da yawansu kasuwanci suke son karantawa, ko akanta, a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ko ta Umaru Musa Yar'adua a Katsina, ko ta Tarayya da ke Dutsin-Ma. Ba abin mamaki ba ne a yankin da yaro ke tashi yana jin cinikin auduga da masara tun kafin ya iya karatu.

Sai dai akwai abin da ke karya musu gwiwa. Ɗalibi ya zauna gwaji ranar Asabar ya ci 240, ya koma ranar Talata ya tashi da 190. Ya dawo gida jiki a sanyaye, mahaifin da ya sayar da buhun masara ya biya kuɗin darasi ya ce, "Kai dai wasa kake yi." Sau da yawa kuwa ba wasan yake yi ba.

A duba yadda jarrabawar take. Tambayoyi 180 ne cikin awa 2: Turanci 60, sauran darussa uku 40 kowanne, jimillar maki 400. Mai neman kasuwanci yakan haɗa Turanci da lissafi da tattalin arziki da wani darasi ɗaya. Kowace tambaya daƙiƙa 40 ke nan take da ita. Tambayoyi 40 ba za su taɓa rufe manhajar shekara uku ba, samfur ne kawai, kamar yadda dillali a kasuwar Dandume ke soka buhu ya zuba 'yan ƙwayoyi a tafin hannu. Ya soka nan ya samu mai kyau, ya soka can ya tarar da mai ƙwari, buhun kuwa ɗaya ne. Ranar da gwaji ya faɗo kan riba da faɗuwa, ɗan gidan 'yan kasuwa sai ya wuce kamar iska. Ranar da aljabara ta yi yawa, sai maki ya zube.

Ga kuma canki-canka. Amsoshi huɗu ake jerawa, A zuwa D. Wanda ya canki tambayoyi 50 zai dace da 12 ko 13 a matsakaici, amma wata rana 7 zai samu, wata rana 18. Wannan tazarar kaɗai ta kai maki 25, alhali bai ƙara sanin komai ba, bai kuma manta komai ba.

Su kansu gwaje-gwajen ba ɗaya suke ba. Manhajojin waya tsofaffin tambayoyi suke jujjuyawa, wanda ya ga tambaya sau uku haddar amsa ya yi, sai makinsa ya kumbura. A waya yana kishingiɗe, yana iya tsayawa ya sha ruwa. A ɗakin jarrabawa kuwa, tun 2015 da JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya, maɓallai ne a gabansa, N ya ci gaba, P ya koma baya, agogo yana gudu a kan allo. Yaron da ya wuni yana ban ruwan tumatir a Danja, ko yana sharar gona cikin zafin Afrilu, ba zai yi abin da ya yi ranar da ya huta ba.

Ba a Najeriya kaɗai ake wannan kukan ba. Masu neman digiri na biyu kan kasuwanci a Amurka da Turai suna rubuta GMAT, wadda makinta ke tashi daga 205 zuwa 805, su ma suna ganin hawa da sauka a gwaji. Ita JAMB ma ta taɓa tuntuɓe: a Mayun 2025 magatakardanta, Farfesa Ishaq Oloyede, ya amsa cewa matsalar na'ura ta ɓata sakamakon ɗalibai 379,997 a Legas da Kudu maso Gabas, aka sake musu zama.

Saboda haka ba daidai ba ne a yanke wa yaro hukunci da lamba ɗaya. Abin dubawa shi ne matsakaicin gwaji huɗu ko biyar, kowanne da sababbin tambayoyi, a kan kwamfuta, awa 2 cif ba tashi. Bayan kowane zama ya buɗe littafi ya rubuta duk tambayar da ya faɗi da dalilinta: bai sani ba ne, ko garaje ya yi, ko lokaci ne ya ƙure? Waɗanda ya canka ya dace ma ya lissafa su cikin waɗanda bai sani ba. Gwajin share fage da JAMB ke shiryawa tun 2017 ba dole ba ne, amma ga ɗan ƙauyen Kafur ko Bakori da bai saba da ɗakin kwamfuta ba, kuɗin motar zuwa ba asara ba ne.