Makabartar Sojanmu a Ƙasar Faransa

Jama'a, akwai wata makabarta a ƙauyen Shasale, arewa da birnin Liyon, wadda in mutum ya hango jan ginin da ya kewaye ta sai ya ce ganuwar wani gari ce a ƙasar Mali. Sunanta Tata, watau ganuwa. Sojan baƙar fata 188 ke kwance ciki. Faransawa na ce musu 'yan Sanagal, amma mu a zango mun sani daga ko'ina a mulkin Faransi aka ɗebo irin waɗannan soja, har da ƙasashen Mosi da Zabarma da Hausa.

Ga yadda abin ya faru. An ba su umurni su tare wa Jamus hanyar Liyon, ran 19 ga Yuni, 1940, Jamus suka iso. Suka ja dāga a Manluzan, gidan matan zuhudu na Kirista. Matan nan suka zauna suna jiyyar masu rauni, wuta na tashi. Kashegari da harsashi ya ƙare aka kama sauran. Jamus suka ware Turawa gefe, suka kora baƙaƙe cikin wani fili, tankoki suka buɗe musu wuta, suka bi ta kan gawa. Abin takaici, saura kwana biyu tak a sa hannu a kan takardar tsai da yaƙi a Faransa.

Mutanen ƙauyen, waɗanda ba dangin iya ba na baba, su suka binne su. Daga baya wani ma'aikacin ofishin tsofaffin soja, Jean Marchiani, ya sayi fili, ya sa aka tattaro gawawwakin daga ƙauyukan kewaye. Aka buɗe Tata ran 8 ga Nuwamba, 1942, tun Hitila na da ƙarfinsa.

A Faris, babban birni, tunawa da soja sai wanda ya gani. Akwai Kabarin Sojan da Ba a Sani Ba, inda wuta ke ci tun 1923, kullum da ƙarfe shida da rabi na yamma ana iza ta. A majami'ar Anbalid, wadda ita ce ta soja, Kirista kan taru su yi wa matattunsu addu'a. Babban Masallacin Faris kuwa an buɗe shi 1926 don girmama Musulmin da suka mutu a yaƙin 1914.

To, amma namu yawanci suna can Shasale ne da irinta, nesa da tamburan Faris. Kaburbura da yawa a Tata har yau ba suna a kansu, ba mahaifin da aka aika wa labari. Duk shekara ran 11 ga Nuwamba 'yan Afirka mazauna Liyon kan fita can su tsaya a kansu.