Maraɗi na kallon fim, wa zai yi nata?

Da an idar da sallar lisha'i, a Maraɗi ko Tibiri ko Jiratawa, za ka tarar da iyali sun kewaye talabijin, samari kuma kowa ya duƙufa a kan wayarsa. Abin kallon nasu, in ba na Indiya ba, to na Kano ne: Daɗin Kowa na tashar Arewa24, ko Labarina na Aminu Saira. Ban ga laifinsu ba, don harshenmu ne, kuma aikin ya yi kyau.

Sai dai mu tuna, tun kafin Kano ta fito da Turmin Danya a 1990, Nijar ta yi suna a wannan fage. A 1972 Umaru Ganda ya zamo na farko da ya ci babbar kyautar FESPACO a Wagadugu. Fim ɗin Sarauniya kuwa, wanda ya ci wannan kyauta a 1987, littafin Abdullahi Mamani ne tushensa, amma a Burkina aka ɗauke shi.

To ina labarin Ɗan Kasawa da kafuwar Maraɗi? Ina na Gobirawan da suka kafa Tibiri? Tsofaffin da suka haddace su suna ƙarewa. Alhazan birnin nan sun san ribar fatauci. Da ɗayansu zai zuba jari a fim guda, da jikokinmu sun ga kakanninsu da idonsu, maimakon su riƙa jin sunansu a bakin maroƙa kaɗai.