Za Ka Gabatar da Maƙala a Ƙasar Waje? Ga Gaskiya, Ga Ji-ta-ji-ta

Da zarar malami ko ɗalibin bincike ya sanar cewa an karɓi maƙalarsa a wani taro na ƙasar waje, sai masu ba da shawara su yi masa caa. Wannan ya ce ai biza ta riga ta samu tunda takardar gayyata ta zo. Wancan ya ce a nemo aron kuɗi a zuba a asusu. Wani kuma ya miƙo lambar ejan da "ba ya faɗuwa". Yawancinsu alheri suke nufi, sai dai wata shawarar tana cinye albashin wata uku, wata kuma tana rufe wa mutum ƙofar ƙasa na shekaru. Shi ya sa ya kamata a tankaɗe waɗannan maganganu, a ware tsaki da gari, tun kafin mutum ya sa hannu a aljihu.

Magana ta farko da ke yawo ita ce duk gayyatar da ta zo daga Turai ko Amurka ɗaukaka ce. Ba haka ba ne. Akwai kamfanonin da sana'arsu ke nan: su shirya taron bogi ko na jeka-na-yi-ka, su karɓi kowace irin maƙala ba tare da wani masani ya duba ta ba, su tara kuɗin rajista. A 2005 wasu ɗaliban jami'ar MIT sun ƙirƙiri manhajar da ke harhaɗa kalmomin kimiyya marasa ma'ana, suka aika wa wani taro a Amurka, aka karɓa. A 2016 Christoph Bartneck, malami a Jami'ar Canterbury ta ƙasar New Zealand, ya bar wayarsa ta riƙa cike masa jimloli da kanta, ya aika wa wani taro kan kimiyyar nukiliya, fannin da ba nasa ba, cikin 'yan sa'o'i aka ce an amince. A 2019 kuwa wata kotun tarayya a Amurka ta yanke wa kamfanin OMICS biyan sama da dala miliyan 50 saboda yaudarar masu bincike ta hanyar mujallu da taruka. Alamomin irin wannan taro ba sa ɓuya. Za ka ga imel yana kirarinka da "fitaccen masani" alhali ba ka taɓa aika musu komai ba. Za ka ga taro ɗaya ya haɗa aikin likita da noma da adabi a otal guda. Tsakuren da ka tura da safe, kafin la'asar an karɓa, sai batun biyan kuɗi. Taron ƙwarai yana da ƙungiyar masana da ke bayansa, da sunayen 'yan kwamitin da za ka iya samu a shafukan jami'o'insu, da kundin tarukan shekarun baya. Rubuta wa ɗaya daga cikinsu ka tambaye shi ko da saninsa aka sa sunansa. Wannan imel ɗaya ya ceci mutane da yawa.

Sai masu cewa wanda ya gayyace ka shi zai ɗauki nauyinka. Wannan gaskiya ce ga babban mai jawabi, wanda masu taro suka nema da kansu. Ga wanda ya aika tsakure aka karɓa kuwa, al'adar ita ce shi zai biya kuɗin rajista da tikiti da masauki. Abin da ke akwai shi ne tallafin tafiya, da rangwame ga ɗalibai da 'yan ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, kuma wa'adin nemansa kan cika da wuri, wani lokaci tare da wa'adin aika maƙalar. Malaman manyan makarantun gwamnati a Najeriya suna da kafar TETFund ta halartar taruka, wadda ake bi ta hannun makarantar mutum, kuma tana ɗaukar lokaci. Tambayar da ya kamata ka yi tun farko ita ce: za a ba ni kuɗin kafin tafiya, ko sai na kashe nawa a mayar mini? Masu tallafi da yawa mayarwa suke yi bayan an dawo, sai da rasit. A nan ne kuma 'yan damfara suke shigowa. Za su ce tikiti da abinci kyauta ne, kai dai ka biya kuɗin otal ta hannun wani wakilinsu. Duk wanda ya ce ka tura kuɗi asusun wani mutum don a riƙe maka ɗaki, ka rabu da shi.

Yanzu ga babbar ji-ta-ji-tar, wadda ta fi kowace cutar da mutane: wai takardar gayyata ita ce biza. Takardar tana da amfani, domin tana nuna dalilin tafiyarka. Amma jami'in ofishin jakadanci wasu tambayoyi ne a gabansa. Wa zai biya? Ina za ka sauka? Me zai dawo da kai gida? Masu taro ba su da iko a kan hukuncinsa, komai girmansu. Taron duniya kan cutar ƙanjamau da aka yi a Montreal ta Kanada a 2022 ya sha suka saboda mahalarta da dama, musamman daga Afirka, ba su sami biza a kan lokaci ba. Haka ya faru da masu binciken ƙirƙirarriyar basira 'yan Afirka a taron NeurIPS na 2018 da na 2019, duk a Kanada. A 2019 wani rahoton 'yan majalisar Birtaniya ya nuna cewa ɗan Afirka ya ninka na sauran nahiyoyi fiye da sau biyu wajen yiwuwar a hana shi bizar ziyara. A 2023 da 2024, sama da kashi 40 cikin 100 na buƙatun bizar Shengen, wato bizar bai-ɗaya ta ƙasashen Turai da dama, daga Najeriya an ƙi su. To, masu cewa ana tsananta mana sun yi gaskiya, kuma abin akwai ciwo, domin ana tattauna cututtukanmu da harsunanmu a ɗakunan da aka hana mu shiga. Inda suka kuskure shi ne da suka ce tunda haka ne sai an haɗa da dabara.

Dabarar da aka fi ba mutane ita ce aron kuɗi. Malamin da albashinsa ke shiga a ƙarshen kowane wata, sai ga miliyoyi sun faɗo asusunsa mako biyu kafin ya miƙa takardu. Jami'in yana duba bayanan watanni ne a jere, kuma irin wannan kuɗi da ba a san asalinsa ba yana cikin abubuwan da ke sa a ƙi mutum. Asusun da ke nuna albashi yana shiga a kai a kai, tare da takardar makaranta da ta ce ta ba ka izinin tafiya daga rana kaza zuwa rana kaza, da takardar mai tallafi da ta fayyace abin da zai biya, ya fi ƙarfi nesa ba kusa ba. In ka sayar da fili ko mota ne, haɗa da shaidar cinikin. Mafi muni shi ne takardar jabu. A dokar Birtaniya, wanda aka kama da yaudara a neman biza ana iya hana shi shiga har shekara 10, kuma ko da ejan ne ya cike fom ɗin ana iya ƙin buƙatarka, tunda da sunanka aka miƙa. Kamfanoni irin su VFS Global da TLScontact takardu suke karɓa, su ɗauki hoton yatsu, su miƙa wa ofishin jakadanci. Ba su ke yanke hukunci ba. Wanda ya ce maka yana da mutum a ciki, kuɗinka yake so.

Akwai kuma masu cewa ka nemi bizar Shengen a ofishin ƙasar da "ta fi sauƙi", in ya so ka wuce inda taron yake. Ƙa'idar ita ce ka nema a ofishin ƙasar da ita ce ainihin maƙasudin tafiyarka. In taron a Jamus yake, ofishin Jamus za ka. Ƙasashen suna da rumbun bayanai guda, abin da ka gaya wa ɗaya sauran suna gani. Sauran sharuɗɗan a rubuce suke: ana iya nema tun saura wata 6 a yi tafiya, kuma kada a gaza kwana 15, fasfo ya kasance da sauran aƙalla wata 3 bayan ranar da za ka bar yankin, da shafi biyu da ba a buga komai ba, inshorar lafiya ta kai ta yuro 30,000, kuɗin biza ya koma yuro 90 tun watan Yunin 2024. Birtaniya ba ta cikin Shengen, bizarta daban ce, ana nema daga saura wata 3, kuma bizar ziyara ta yau da kullum ta halatta halartar taro. Amurka ta tsaurara wa 'yan Najeriya sharuɗɗa tun 2025, dokokinta kuma suna yawan sauyawa, don haka shafin ofishin jakadancinta ne abin dubawa a ranar da za ka nema. Abin da ya fi cin lokaci a duk waɗannan shi ne samun ranar ganawa. Ranar da aka karɓi maƙalarka, a ranar za ka fara nemanta.

Wani abu da ake mantawa shi ne yada zango. Ana cewa tunda ba za ka fita daga filin jirgi ba, ba ruwanka da biza. Mai fasfon Najeriya ko Gana yana buƙatar bizar ratse ko da canjin jirgi kawai zai yi a filin jirgin wata ƙasar Shengen, sai in yana riƙe da ɗaya daga bizojin da aka yi wa togaciya. Tikiti mai araha da ya bi ta Faris ko Frankfurt zai iya ƙarewa a kantar kamfanin jirgi a Abuja, a ce ba za ka hau ba. In kuwa taron a Akara ko Dakar yake, yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan Najeriya damar shiga ba biza har kwana 90.

Katin rigakafin zazzaɓin shawara shi ma ana ta ruɗani a kansa. Masu cewa yana mutuwa bayan shekara 10 tsohon labari suke bayarwa. Tun Yulin 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar cewa allura ɗaya ta wadatar har ƙarshen rayuwa. Abin da yake gaskiya shi ne katin ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar, kuma ƙasashe irin su Afirka ta Kudu da Gana da Indiya suna tambayarsa. A yi allurar da gaske a ofishin lafiya na tashoshin shiga ƙasa. Sayen kati ba allura ganganci ne da rai.

'Yan'uwa mata kan ji cewa sai sun cire hijabi kafin a ɗauki hoton biza. Ba gaskiya ba ne. Ana yarda da lulluɓin addini matuƙar fuska a buɗe take daga goshi zuwa haɓa. Niƙabi ne ke da doka a wasu ƙasashe: Faransa da Beljiyam sun hana rufe fuska a bainar jama'a tun 2011, Denmark kuma tun 2018. Batun abinci da sallah ya fi sauƙi a kan yadda ake tsoratarwa. Fom ɗin rajista yakan tambayi irin abincin da kake ci, manyan taruka da dama kuma suna ware ɗakin ibada, in babu ka tambaya. Kilishi da dambun nama kam a bar su a gida, domin Tarayyar Turai da Birtaniya sun hana matafiyi daga ƙasashenmu shiga da nama.

To, ka isa, ga ka a gaban jama'a. Tsoron da ya fi addabar mutanenmu shi ne wai za a yi wa Turancinsu dariya. A irin waɗannan taruka za ka ji ɗan Sin da ɗan Italiya da ɗan Brazil, kowa da karin harshensa, ba mai ɗaga kai. Abin da ke hana a fahimci mutum shi ne sauri da haɗiye ƙarshen kalma. Rage gudu. Zaɓi kalmomin fanninka da za su yi ta maimaituwa, ka gwada furta su da ƙarfi, musamman masu harafin p da f, waɗanda bakin Bahaushe kan musanya.

Abin da ya fi Turanci kayar da mutum shi ne lokaci. A gida mun saba buɗe jawabi da jero manyan baƙi ɗaya bayan ɗaya, kuma mai gabatarwa yakan yi kara in an zarce. A can minti 15 minti 15 ne. Shugaban zama yana zaune a gaba da 'yan katuna a hannu, ya ɗaga mai lamba 5, can ya ɗaga mai lamba 1, daga nan ya miƙe tsaye. Wanda ya kashe minti uku a gaisuwa, huɗu a tarihin garinsu, sai a tsayar da shi daidai inda zai fara faɗin abin da ya gano, wato abin da ya ƙetare teku dominsa. Minti 15 ba ya ɗaukar kalma fiye da 2,000 in ana magana a natse, saboda haka maƙala mai shafi ashirin ba ta karantuwa a ciki. Gaisuwa jimla ɗaya ta isa. Faɗi tambayar bincikenka, da yadda ka bi, da abin da ka samu, ka bar sauran ga lokacin tambayoyi. Gwada jawabin a gaban abokan aiki da agogo a kan tebur, ka roƙe su su yi maka tambayoyi masu zafi. In aka tambaye ka abin da bincikenka bai taɓo ba, ka ce bai taɓo ba. Masana suna girmama wannan amsa. Ajiye shafukan majiginka a filashi, da kwafin PDF a imel. Sokitin Birtaniya irin namu ne mai ƙafa uku, amma na yawancin Turai mai ƙafa biyu ne zagayayyu, irin wanda aka saba da shi a Nijar, don haka sayi mahaɗi tun a gida.

Saura magana ɗaya, wadda akan faɗa da murya ƙasa-ƙasa: tunda ka samu ka shiga, ka ɗan tsaya ka nemi abin yi. A jikin bizar Shengen an rubuta adadin kwanakin da aka ba ka, kuma sau da yawa ba su kai tsawon wa'adin bizar ba. Karanta su tun ranar da fasfo ya dawo hannunka. Biza ma ba ta tilasta wa jami'in kan iyaka ya bar ka ka wuce, shi ya sa takardar gayyata da ta masauki da tikitin dawowa za su zauna a jakar hannunka. Wanda ya zarce kwanakinsa ya ɓata nasa tarihin tafiya, ya kuma ƙara nauyi a kan ɗalibin da zai miƙa takardunsa baɗi daga wannan makarantar. Don Allah, Malam, in taro ya tashi ka dawo a ranar da ka rubuta, ka tara ƙananan malamai da ɗaliban sashenku, ka nuna musu takardun da ka miƙa ɗaya bayan ɗaya.