Ƙarfen sabis ma yana iya auna ruwan sama

Tambayar da muka ɗauka a shirin kimiyya na wannan mako ta zo daga masu sauraro da dama, daga wannan tsallake da wancan: me ya sa hoton talabijin ke tsinkewa da zarar ruwa ya kece, wani lokaci har rezo, ko sabis in ji mutanen Najeriya, ya ɗauke, alhali rediyo na ta zuba magana ba abin da ya dame ta? Ga abin da muka faɗa, a taƙaice, don waɗanda shirin ya wuce su.

Rediyo da talabijin na faranti da wayar salula duk da igiyar iska suke aiki, amma igiyoyin ba tsawonsu ɗaya ba. Ta rediyon FM ta kai wajen mita 3. Wadda ke saukowa daga tauraron ɗan Adam zuwa farantin gidanku ba ta wuce santimita 2 da rabi ba, wato kamar gaɓar yatsa. Irin waɗannan gajerun su ake kira maikurowef. Ɗigon ruwa, komai girmansa, ƴan milimita ne, don haka doguwar igiyar FM ba ta ma san da shi ba. Gajeriyar kuwa, ɗigo na shanye wani abu daga ƙarfinta, ya watsar da wani. In ɗigon ya yi yawa a kan hanya, abin da zai iso faranti bai isa ya ba da hoto ba.

To waya fa? Tsakanin wayarku da ƙarfen sabis ruwa bai cika yin ɓarna ba. Ku ɗaga kai ku dubi ƙarfen da kyau, za ku ga wasu fararen abubuwa masu kama da ganga, kowanne ya fuskanci wani ɓangare. Da su ƙarfe ke miƙa wa ɗan'uwansa magana, daga wannan gari zuwa na gaba, kuma gajeriyar igiya suke harbawa. Nan ne ruwa ke tare hanya.

A cikin gangar akwai ƴan mitsi-mitsin na'urori da aka yi da abin da masana ke kira semikondakta. Jan ƙarfe na barin wuta ta wuce, roba na hana ta. Semikondakta na tsakani: ana iya sa shi ya buɗe ko ya rufe, kamar makiyayi a bakin shinge yana sakin dabba ɗaya-ɗaya, sai dai shi sau biliyoyi yake yi a daƙiƙa guda. Wanda aka fi sani shi ne silikon, daga yashi ake tace shi, shi ne a farantin sola da kuke cajin waya da shi a ruga. Da semikondakta aka ƙera taransista ta farko a Amurka a 1947, kuma daga nan ne dattawa suka samo sunan da suke kiran ƙaramar rediyo da shi.

Matsalar gajeriyar igiya ita ce, kafin ta iso ta galabaita, kuma ita kanta na'urar da za ta karɓe ta tana da nata shuuu, irin wanda kuke ji tsakanin tasha da tasha. In shuuu ɗin ya fi saƙon ƙarfi, an yi asara. Shekaru masu bincike suka yi suna neman taransistar da ba ta da surutu. A 1979 wani injiniya ɗan Japan, Takashi Mimura na kamfanin Fujitsu, ya fito da wadda ake kira HEMT, da wani semikondakta mai suna galiyom asenaid. Ita ce a cikin kan farantin nan da masu gyara ke kira LNB, wanda wasunku ke saye a kwali-kwali su tsallaka da shi. Tana cikin dalilan da suka sa faranti ya ƙanƙance har ya hau rufin shago.

Yanzu ga inda maganar take. Kowace ganga ta san ƙarfin da aka harbo mata, ta kuma san ƙarfin da ya iso. Kamfani na rubuta wannan dare da rana, da yawansu duk minti 15, don ya san lafiyar layinsa. Ma'aunin sunansa desibel: in an ce an rasa desibel 3, rabin ƙarfin ya tafi, in 10 ne, kashi ɗaya cikin goma kawai ya rage. Ranar da sama ke garau ƙarfin na nan kusan yadda yake. Ruwa na sauka sai ya faɗi, kuma gwargwadon yawan ruwan, gwargwadon faɗuwar. Ke nan in ka san tsawon layin da irin igiyar, kana iya juya lissafin ka ce milimita kaza aka samu. Abin da injiniyan kamfani ke ɗauka ciwon kai, shi ne ma'aunin.

Masu bincike na jami'ar Tel Abib, ƙarƙashin Hagit Messer, suka nuna haka a 2006. A Afirka ta Yamma kuwa a Burkina Faso aka fara gwadawa, a daminar 2012, tsakanin jami'ar Wagadugu da cibiyar bincike ta IRD ta Faransa da kamfanin Telecel Faso. Layi ɗaya suka bi, mai tsawon kilomita 29, suka gwama da ma'aunin ruwa na gwangwani. Sakamakon da suka fitar a 2014 ya nuna layin ya gane kashi 95 cikin 100 na ranakun da aka yi ruwa.

Me ya shafe mu? Kowa a nan ya san halin ruwan Sahel: ya sauka a wannan gari, na gaba ƙura ke tashi. Gwangwanin awo kuma ba su da yawa, milimitar da kuke ji ana karantowa a rediyo ta inda gwangwanin yake ce kaɗai. Makiyayin da ke son barin mashekari ya nufi Arewa, wajen Dakwaro ko Abalak, da labarin baki yake tashi. In labarin bai tabbata ba, sai ya kai shanun da bazara ta riga ta rame su inda ciyawa ba ta tsiro ba, tabki kuma bai kawo ba, kuma baya ba ta komuwa don gonaki sun tashi. Mai babbar mota a hanyar Maraɗi zuwa Jibiya, ko Ƙonni zuwa Illela, shi ma zai so ya san an yi ruwa mai ƙarfi a gaba kafin ya kai bakin kwazazzabo.

Amma fa kar a ɗauka magani ne na komai. Layi na ba da matsakaicin ruwan da ya sauka a tsawonsa ne, ba zai ce maka a wane ƙauye ya fi yawa ba. In gangar kanta ta jiƙe, takan nuna ruwa fiye da wanda aka yi, sai an gyara lissafi. Ƙurar hunturu dai ba ta cika ruɗa shi ba, don ƙwayarta ƙanana ce kuma busasshiya. Babbar naƙasar ita ce ƙarafan na bin kwalta da manyan garuruwa, daji kuwa, inda dabba ta fi buƙatar labari, sai ka yi tafiyar yini ba ka ga ko ɗaya ba. Can sai tauraron ɗan Adam. Akwai ɗaya na Amurka mai suna SMAP, da aka harba a 2015, wanda ke sauraron maikurowef da ƙasa da kanta ke fitarwa, ya gane laimar da ke cikin santimita 5 na sama. Sai dai idonsa babba ne, fili mai faɗin kusan kilomita 40 yake gani a matsayin wuri ɗaya. Cibiyar AGRHYMET da ke Yamai na aiki da hotunan tauraro wajen fitar da rahoton ruwa da ciyawa.

A ganina abin da ya fi tsaya wa wannan aiki a wuya ba kimiyya ba ne. Ba a buƙatar kafa sabon ƙarfe ko sayen sabuwar na'ura, lambobin na nan ana rubuta su kullum. Amma a hannun kamfanonin waya suke, kuma kamfani ba ya son a leƙa cikin layinsa. Wani ya tambaya a shirin ko ta nan za a riƙa jin maganar mutane. A'a, ƙarfin igiyar kaɗai ake dubawa, ba abin da ta ɗauko ba. Sannan ko an samu lambobin a Nijar, sai an samu na Najeriya, tunda hadari ba ya tsayawa a shingen duwan, daga Gabas yake tasowa ya ratsa ƙasashen biyu. Sai hukumomin yanayi da na sadarwa na kowane ɓangare sun zauna da kamfanonin, sun kuma yarda labarin ya fito da Hausa da Fulatanci da Tamashek, cikin sa'o'i, ba bayan wata guda ba.