Ian MacKaye: Mawaƙin Da Ya Ƙi Sayar Da Kansa

Ga rubutun shirin wannan makon, saboda waɗanda data ba ta bari su saurara ba.

Tun da na sa hoton wani Bature mai sanƙo a shafina ake ta tambayata, wai wane ne wannan, malami ne ko ɗan ƙwallo? To ba ko ɗaya. Sunansa Ian MacKaye, mawaƙi ne ɗan Amurka, kuma yau a kansa za mu yini. Tun farko in faɗa muku gaskiya, ni masoyinsa ne, don haka in kun ji na zuzuta shi ku yi min uzuri. Kuma ba sai kana son irin kiɗansa ba. Ni kaina ranar da na fara jin sa cire abin kunne na yi, na ce wannan ai hayaniya ce. Labarin yadda ya tafiyar da sana'arsa ne ya dawo da ni, daga baya kunnena ya saba.

Bari mu fara da kalmar "indi", tunda za ta yi ta fitowa. A harkar kiɗan rok, wato kiɗan jita mai lantarki da ganguna, akwai manyan kamfanoni da ke ɗaukar mawaƙi, su ba shi kuɗi tun kafin ya yi aiki, su buga faifansa, su tallata shi a rediyo. Amma kuɗin nan bashi ne, daga cinikin faifan za a cire, kuma galibi kamfanin ne ke mallakar ainihin naɗin waƙar. Indi kuwa na nufin mai cin gashin kansa: kai da abokanka ku naɗa, ku buga, ku sayar, ba uban gida. Da yawa sun fara a haka, da suka samu suna sai suka koma wajen manya. Shi MacKaye bai taɓa komawa ba.

An haife shi a 1962 a birnin Washinton. Yana makarantar sakandare ya faɗa cikin kiɗan pank, wani reshe na rok mai sauri da zafi, wanda ba ya buƙatar sai ka ƙware kafin ka hau dandamali. Waɗanda suka fi burge yaran birnin a lokacin su ne Bad Brains, ƙungiyar makaɗa baƙaƙen fata masu saurin kiɗa na ban mamaki. A 1979 shi da abokinsa Jeff Nelson da wasu biyu suka kafa tasu ƙungiyar, Teen Idles.

Matsalarsu ta farko ita ce shekaru. Kusan duk wuraren wasa mashaya ce, kuma doka ta hana a sayar wa yara giya, don haka masu wurin sai su hana yara shiga gaba ɗaya. A 1980 suka je Kaliforniya wasa. A wani kulob a San Francisco, mai wurin ya ga yara ne, maimakon ya kore su sai ya zana musu alamar X babba a bayan hannu, don mai sayar da giya ya gane su. Da suka dawo gida suka kai wa masu kulob na birninsu wannan dabara: ku bar mu mu shiga, ku sa mana alama, in kun kama ɗayanmu da kwalba ku kore shi. Aka yarda. Kun ga abin da aka yi don a ware su, shi suka mayar abin alfahari.

A ƙarshen shekarar ƙungiyar ta watse, aka bar dala 600 a asusunta. Maimakon su raba kowa ya kama gabansa, sai suka ce a buga faifai da kuɗin. Kwafi 1,000 suka buga. Kwalin faifan ma da hannu suka yanka, suka naɗe, suka liƙa da gam, ɗaya bayan ɗaya. Haka aka haifi kamfanin Dischord, wanda har yau yana nan, shekara sama da 40. Tsarinsa mai sauƙi ne: makaɗan yankin Washinton kawai yake bugawa, ba ya sa kowa hannu a takardar yarjejeniya, in an cire kuɗin da aka kashe sai a raba riba biyu tsakanin kamfani da makaɗa. A da har farashi suke bugawa a bayan faifan, ta yadda in mai shago ya tsawwala, mai saye ya san zai iya aikawa da kuɗi ta gidan waya a turo masa da araha.

Daga nan sai ƙungiyarsa ta biyu, Minor Threat, daga 1980 zuwa 1983, inda ya zama shi ne mai rera waƙa. A 1981 suka fitar da wata waƙa mai suna "Straight Edge", wadda ko minti ɗaya ba ta kai ba. Abin da ke cikinta shi ne shi dai ba ya shan giya, ba ya shan ƙwaya, kuma yana son hankalinsa ya zauna a jikinsa. Ku tuna fa, a duniyar rok ta lokacin, shaye-shaye shi ne wayewa. Yaro ɗan shekara 19 ya miƙe a gaban abokansa ya ce shi ba ya yi, kuma ba ya jin kunya. Sunan waƙar ya zama sunan wata tafiya ta matasa marasa shaye-shaye a ƙasashe da dama, masu zana X a hannu.

Sai dai a nan akwai darasi mai ɗaci. Wasu da suka ɗauki sunan daga baya sun mayar da shi abin tsangwama, har da dukan masu sha. Shi kuwa MacKaye ya sha nanata cewa bai yi niyyar kafa wata ƙungiya ba, zaɓin kansa ya faɗa. Mu da muke aikin wayar da kan matasa a kan ƙwaya mun san wannan tarkon sarai. Da zarar ka fara ganin mai sha a matsayin abokin gaba, to ka rasa shi, kuma shi ne fa ka fito nema.

Zuwa tsakiyar shekarun 1980 wasannin pank na birnin sun cika da faɗace-faɗace. Ƙarti su shigo su yi ta bangazar mutane da sunan rawa, mata da ƙananan yara su koma baya ko su daina zuwa. A bazarar 1985 wasu daga cikin 'yan Dischord suka ce a sake lale. Sababbin ƙungiyoyi irin su Rites of Spring da Embrace, masu waƙa a kan abin da ke damun zuciya, suka shige gaba. Suka riƙa zuwa gaban ofishin jakadancin Afirka ta Kudu da ganguna da gwangwanaye suna bugawa, don nuna adawa da mulkin wariyar launin fata. A shekarar ce kuma aka kafa Positive Force, ƙungiyar matasa masu shirya wasanni don tara wa mabuƙata kuɗi.

Daga wannan ƙasa Fugazi ta tsiro, ƙungiyar da ta fi yi masa suna. Su huɗu ne: shi, da Guy Picciotto, da Joe Lally, da Brendan Canty. Wasansu na farko ranar 3 ga Satumba 1987 aka yi. Kiɗansu ya bambanta da na da. Akwai nauyin kiɗan rege a ƙasa, akwai inda za su yi tsit kamar an ɗauke wuta, sai kuma su fashe gaba ɗaya. Ba sa rubuta jerin waƙoƙin da za su yi kafin su hau dandamali, da ido da kunne suke gane inda ɗan'uwansu ya dosa. Wanda ke son ɗanɗanawa ya nemi "Waiting Room", ita ce ƙofar da yawancinmu muka shiga ta ita.

Amma ƙa'idojinsu ne suka sa ake labarinsu har yau. Kuɗin shiga wasa dala 5 ne a mafi yawan wurare, a lokacin da manyan mawaƙa ke karɓar ninkin haka sau da yawa. Ba sa wasa inda za a hana yara shiga. Ba sa sayar da riga ko hula mai sunansu. Ba sa hira da mujallar da ke tallar giya da sigari. Wasanninsu na cikin Washinton kuwa, ko dai kyauta ne ko kuma kuɗin na taimako ne, ga asibitin marasa galihu ko masu kwana a titi. In wani ya fara dukan mutane a cikin taro, MacKaye zai tsayar da kiɗa cak, ya yi masa magana cikin ladabi, in ya ƙi ji a miƙa masa dala biyar ɗinsa a nuna masa ƙofa. Ranar 12 ga Janairu 1991, ana saura kwanaki kaɗan a fara yaƙin Iraƙi, suka yi wasa a fili cikin tsananin sanyi a gaban fadar White House don adawa da yaƙin.

Za ku ce to ta yaya suka ci abinci da dala biyar? Amsar ita ce sun rage masu cin rabo. Ba su da manaja, MacKaye da kansa yake buga waya ya shirya wasanni. Mota ɗaya suke shiga da kayansu, ma'aikata kaɗan, ba almubazzaranci. Tikiti mai araha kuma yana cika zaure. Sun yi wasa sama da 1,000 a haka, a duk jihohin Amurka 50 da ƙasashe da dama.

Jarrabawar gaske ta zo bayan 1991, lokacin da faifan Nevermind na Nirvana ya yi kasuwar da ba a zata ba. Mai gangar Nirvana ma, Dave Grohl, daga wata ƙungiyar yankin Washinton ya fito, Scream, wadda Dischord ta buga wa faifai. Manyan kamfanoni suka bazama neman duk wani ɗan indi mai jama'a. Sun yi zawarcin Fugazi, Fugazi ta ce a kai kasuwa. Duk da haka faifansu na 1993 ya shiga jerin faifai 200 mafiya ciniki a Amurka, ba tare da wani babban kamfani a bayansu ba. Sun ci gaba har 2003, inda suka ce sun tafi hutun da ba su sa masa rana ba. A 2011 Dischord ta fara sa naɗin ɗaruruwan wasanninsu a intanet, farashin da ta ba da shawara kuma, kun riga kun sani, dala 5.

Kada in yi son kai, akwai masu sukarsa. Wasu na cewa ya cika wa'azi, mutum ya zo nishaɗi a tsaya ana yi masa faɗa. Wasu na cewa tsarin ya yi musu aiki ne don suna da dubban masoya, ƙaramin mawaƙi mai iyali ba lallai ya iya ba. Wannan ta biyun gaskiya ce, kuma ba zan zagi wanda ya karɓi kwangila don ya ciyar da gidansa ba.

Amma ga abin da ya sa nake riƙe da labarin. Bara mun shirya taron matasa a unguwarmu a kan shaye-shaye. Kuɗin haya ya gagara, sai wani mai hali ya ce zai biya komai, da sharaɗin hotonsa ya hau kan allon taro kuma yaransa su fara magana. Mun kusa raba gari a kan wannan, don wasunmu na ganin ai ba komai, kuɗi ne dai. Ƙarshe muka ce a'a, muka yi karo-karo, muka ari benci, muka yi a filin makaranta. Mutanen da suka zo ba su kai yadda muka so ba, lasifika ma ta yi ta yankewa. Amma wani yaro ya tashi ya faɗi yadda ya fara shan maganin tari da wanda ya fara ba shi, kuma na tabbata da hoton wancan mutumin na rataye a bayansa, da bai buɗe baki ba.

To ku fa? Da ku ne a wurinmu, za ku karɓi kuɗin ko za ku ari benci? Ku faɗa min a ƙasa, kuma wanda ya saurari Fugazi ya ji hayaniya ce kawai, shi ma ya faɗa, ba za mu yi faɗa ba. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.