Na'urar matsa ƙafa da iska

Na'urar matsa ƙafa da iska, wadda likitoci ke kira IPC a taƙaice, na'ura ce da ake ɗaura wa majinyaci a ƙafafu don hana jini daskarewa a manyan jijiyoyin da ke can cikin tsoka. An fi amfani da ita a lokacin tiyata da kwanakin da ke biye, kafin majinyaci ya soma tafiya.

Dalilin amfani da ita

Jinin ƙafa yana komawa zuciya ne da taimakon tsokar sha-raɓa, wadda ke matse jijiyoyi duk lokacin da mutum ya taka ƙasa. Wanda aka yi wa allurar barci, ko ya kwana biyu a gado, ya rasa wannan taimako, sai jini ya riƙa tafiya a hankali. Tafiyar hawainiyar jini ɗaya ce daga abubuwa uku da ke haddasa gudan jini, waɗanda ake jingina wa likitan Jamus na ƙarni na 19, Rudolf Virchow. Sauran biyun su ne raunin bangon jijiya da ƙaruwar saurin daskarewar jini, kuma tiyata na kawo duka ukun. Babban haɗarin shi ne gudan ya ɓalle ya toshe jijiyar huhu, abin da kan kashe mutum farat ɗaya. Haɗarin ya fi yawa a aikin sauya ƙugu ko gwiwa da tiyatar ciwon daji.

Yadda take aiki

Ana naɗe sha-raɓa, wani lokaci har cinya, da wata riga mai aljihunan iska, a haɗa ta da famfo ta hanyar mesa. Famfon yana hura iska na kimanin daƙiƙa 11, ya saki na kusan minti ɗaya, ya sake. A wasu nau'o'in aljihun idon sawu ne ke fara cika, sannan na sama, kamar mai tatsar jini zuwa zuciya. Matsin yakan kai kusan 40 a ma'aunin da ake auna hawan jini da shi.

Fifikonta a kan magunguna irin su heparin shi ne ba ta jawo zubar jini. Shi ya sa ake dogara da ita a tiyatar ƙwaƙwalwa da ta laka, inda ɗan zubar jini kan yi mummunar ɓarna. Ga masu haɗari sosai, akan haɗa ta da maganin. Binciken CLOTS 3, wanda aka wallafa a 2013 a kan masu shanyewar ɓarin jiki a Birtaniya, ya nuna gudan jini ya samu kashi 8.5 cikin ɗari na waɗanda aka ɗaura musu ita, da kashi 12.1 na waɗanda ba a ɗaura musu ba.

Iyakokinta

Ba ta da amfani idan tana rataye a jikin gado. Ƙa'idojin likitocin ƙirji na Amurka na 2012 sun so a yi sa'o'i 18 a rana da ita bayan tiyatar ƙashi, amma zafi da gumi kan sa majinyata su cire ta, ko a manta a mayar bayan wanka. Ba a ɗaura ta ga wanda gudan jini ya riga ya kama ƙafarsa, ko mai toshewar jijiyoyin da ke kai jini ƙafa, ko mai gyambo a wurin, ko wanda ciwon zuciya ya kumbura masa ƙafafu sosai.